Riess ko Freedman: wane awo ya fi kusa da gaskiya?

Masana sun yarda sararin samaniya yana faɗaɗa. Saurin faɗaɗar ne ake ja-in-ja a kai.

Adam Riess na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 2011, ya dogara da taurarin Cepheid, masu ƙara haske su rage a kan ƙa'ida. Tsawon wannan zagaye ke nuna ainihin haskensu, daga nan a gano nisansu. A 2022 tawagarsa ta samu saurin faɗaɗar ya kai kimanin kilomita 73 a daƙiƙa a kowane megafasek, wato nisan da haske ke tafiya a cikin shekara sama da miliyan uku.

Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago ma da Cepheid ta yi suna: aikin da ta jagoranta ya ba da 72 a 2001. Daga baya ta karkata ga tsofaffin jajayen taurari, don suna gefen gungun taurari, inda ƙura da cunkoso ba sa ɓata awo sosai. A 2019 ta samu 69.8. Wannan taka-tsantsan nata ya fi kwanta mini a rai.

Tauraron ɗan'adam na Planck kuwa, wanda ya auna hasken da ya saura daga farkon samuwar sararin samaniya, 67.4 ya nuna. In Riess ne da gaskiya, to lissafin masana kan farkon samuwar sararin samaniya yana buƙatar gyara.