Google Workspace ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, imel ya rufu amma layin waya fa?

Ni ne mai riƙe da makullin admin a ɗan kamfaninmu, ba don na fi kowa iya kwamfuta ba, oga ne kawai ya ga dama ya ɗora min. Shekara uku kenan muna kan Google Workspace, tsarin imel da ajiyar fayiloli na Google don kamfanoni, wanda a da ake ce wa G Suite kafin su canza suna a 2020, kuma gaskiya ban san ƙarfinsa ba sai watan jiya da abokiyar aikinmu mai kula da kwastomomi ta ajiye aiki. Lafiya lau aka rabu, amma dai dole a rufe ƙofa.

Abin da ya fara burge ni shi ne dakatar da asusu. Danna biyu uku shikenan, ba ta iya shiga Gmail ko Drive, komai kuma yana nan yadda ta bar shi. A shafin nata na fitar da ita daga duk na'urar da ta taɓa shiga, na cire lambar wayarta da ta saka ta dawo da asusu idan an manta kalmar sirri, sannan na share asusun aiki daga wayarta ba tare da an taɓa hotunanta ba. Duka bai kai minti goma ba.

Sai dai ana ci gaba da biyan kuɗin lasisin wanda aka dakatar, shi ya sa oga ya dinga min waya wai a goge kawai a huta. Na ƙi, don idan ka goge kwana 20 gare ka ka dawo da shi, bayan nan sai dai haƙuri. Lokacin gogewa yana tambayarka wa za a miƙa wa fayilolin Drive da abubuwan kalanda, fayilolin da ita ta mallaka kenan, waɗanda ke rumbun haɗin gwiwa dama na kamfani ne ba ruwansu da tafiyar kowa. Imel kuwa aikinsa daban, da wani abin kwashewa na juye shi zuwa asusun wanda ya gaje ta kafin na goge, ya ɗan ci min lokaci. Daga baya na maƙala tsohon adireshinta a asusun yaron da ya gaje ta a matsayin laƙabi, kyauta ne, mutum ɗaya zai iya ɗaukar har 30, to duk kwastoman da ya turo saƙo ba ya faɗawa rijiya.

Ina ta jin kaina na gama, washegari yaron ya leƙo ya ce yallaɓai ina WhatsApp ɗin kwastomomi? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe tun kamfani yana ƙarami da layinta na kanta aka buɗe WhatsApp Business ɗin, lambar ce a katinmu, ita ce a rasit, ita ce a shafinmu na Facebook, kuma duk lambobin tabbatarwa na manhajojin da muke karɓar oda da su can suke zuwa. Shi WhatsApp bai san wani kamfani ba, wanda sim yake hannunsa shi ake tura wa lamba shida ɗin nan, shi ke da asusu. A nan Workspace ba abin da zai iya maka ko kaɗan, kuma ba laifinsa ba ne, sakacinmu ne. Akwai Google Voice, tsarin lambar waya na Google, da admin zai iya karɓe lamba ya ba wani ma'aikaci, amma kuɗinsa daban, ba a kowace ƙasa ake samunsa ba, kuma ba ruwansa da sim ɗin da ke cikin wayar mutum.

Allah ya taimake mu mutuniyar kirki ce. Ta dawo ofis da yamma, muka zauna wayarta a hannuna wayar ofis a hannun yaron, muka yi canjin lamba a cikin WhatsApp zuwa sabon layi da aka yi wa rajista da sunan kamfani, sauran manhajojin kuma ɗaya bayan ɗaya, saƙo ya shigo ta karanto lamba in rubuta, har tana min dariya wai yanzu da faɗa muka rabu fa? Ban da amsa.

Sabon layin ma ba a durowa muka jefa shi ba, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na karɓewa ya sayar wa wani, ka ga baƙo zai fara karɓar lambobin tabbatarwarka.

Tauraro huɗu na ba Workspace cikin biyar. Wajen imel da fayiloli ban da wani babban ƙorafi, ɗayan na riƙe ne saboda kwashe imel ɗin, da ma a ce danna ɗaya ne irin na Drive. Kwalin katinmu mai tsohuwar lamba yana nan ƙarƙashin teburina, har yau kuma wasu kwastomomin ita suke kira, ta turo mana lambarsu mu bi su.