Canjin gwiwa: zugi ya tafi, amma sujada ta gagara

Wata takwas ke nan da aka canza min gwiwar dama, bayan guringuntsi ya cinye har ƙashi na gugar ƙashi. Ta fuskar ciwo, alhamdulillahi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zugin dare ya ɗauke, ƙafar da ta karkace kamar baka ta miƙe. Aikin bai kai awa 2 ba: a dasa ƙarfe a ƙarshen ƙashin cinya, wani a kan ƙashin ƙwauri, roba mai tauri a tsakani, a liƙe da simintin ƙashi. Washegari an tsayar da mutum, a sati 2 a cire ɗinki.

Abin da ya ƙona min rai shi ne lanƙwasawa, kuma ba wanda ya yi min wannan bayani kafin a shiga tiyata. Tafiya na buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kusan digiri 65, matakala wajen 90, amma zaman tahiya da tsugunno sai ta kai 150 ko fiye. Sabuwar gwiwa kuwa yawanci a 110 zuwa 120 take tsayawa. Ke nan salla sai a kan kujera, masai ma sai na zama. Ga mai salla sau biyar a rana, ai wannan ya kamata likita ya fara faɗa!

Kuma abin da aka samu a sati 6 zuwa 12 na farko, kusan shi ne rabon mutum. Tabon ciki na saurin ƙanƙamewa. Wanda ya ji zafi ya yi wasa da gashin ƙashi, wato motsa jikin lanƙwasa gwiwa da miƙe ta, gwiwarsa na iya sandarewa ƙasa da 90, sai an sake sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. A sha maganin ciwo kamar rabin awa kafin motsa jiki, a ɗora ƙanƙara minti 20 bayansa. Kada a riƙa cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa, a ƙarƙashin diddige ake sawa, in ba haka ba ƙafa ta ƙi miƙewa.

Da zan ce kowa ya je ya yi, to amma fatar gefen tabon har yau a mace take, kuma ɗora gwiwar a ƙasa ba daɗi ko a kan darduma mai kauri. Wanda ciwo bai hana shi barci da tafiya ba, ni dai ban ba shi shawarar gaggawa ba.