Ƙauyen bayan gari ko cikin birni: wanne ya fi wa mai ƙananan yara?

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce ke da maigidanki duk a cikin birni kuke aiki, kuna da yara biyu, babban shekararsa 4, ƙaramar kuma ba ta daɗe da cika shekara ɗaya ba. Gidan da kuke haya ya yi muku kaɗan, ga shi kun samu wani wadatacce mai tsakar gida a wani ƙauye na bayan gari, irin ƙauyukan nan da mutane ke kwana a cikinsu, gari na wayewa kowa ya nufi birni wurin aiki. Yanzu minti 20 ke kai ku ofis, daga can kuwa awa ɗaya da minti 10 ne. Kina tambaya ko ku tashi ku koma.

Abin da nake gani shi ne ƙauyen zai karɓi yaranku idan ɗayanku, ko wani babba da kuka amince da shi kamar kanku, zai riƙa wuni kusa da su. Idan kuwa ku biyun za ku riƙa fita tare ku dawo tare kwana biyar a mako, ba zan ba ku shawarar tashi ba, komai kyan gidan. Bari in ajiye miki wuraren biyu kafaɗa da kafaɗa ki ga dalilina.

Ƙauyen yana da abin da birni ba zai iya ba ku ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana. Awa uku ke nan na guje-guje da tsalle-tsalle da hawa da sauka. A gida mai tsakar gida wannan yana zuwa da kansa, ƙofa kawai za ki buɗe. A ƙuntataccen ɗaki na cikin birni kuwa sai an shirya, an sa takalma, an riƙe hannu an tsallaka titi, in kuma kin gaji ranar sai a ƙare a gaban talabijin. Ga batun iska. Yaro ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, kuma saboda gajartarsa hancinsa ya fi kusa da hayaƙin da motoci ke fitarwa. Hayaƙin nan yana da hannu a ciwon asma. Idan ɗayan yaranki yana fama da ƙirji, wannan kaɗai ya isa ya ƙara wa ƙauyen nauyi a ma'auni, muddin gidan ba a bakin babbar hanya yake ba. Sai shiru da dare, da ɗaki na biyu da zai raba mai kuka da mai barci. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma su ne idonki ya gani ranar da kuka je duba gidan.

Abin da ba a gani ranar duba gida shi ne lokaci, kuma a nan birni ya yi wa ƙauyen fintinkau. Ɗauki biro. Ƙarin minti 50 da safe, ƙarin minti 50 da yamma, minti 100 ke nan a rana. A kwana biyar ya zama awa 8 da minti 20. Wato kowane mako kowannenku zai ƙara wunin aiki guda cur a kan hanya, ba albashi. A makonni 48 na aiki awa 400 ne. Wannan kuma a ranar da hanya ta yi kyau, ba haɗari, ba gyaran titi, ba ruwan sama.

To daga ina waɗannan awoyin za su fito? Ba daga lokacin ofis ba, domin shi ba ya raguwa. Daga safiyar yaran da yammacinsu za a yanko su. Hukumar lafiyar nan ta ce mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Idan za ku fita ƙarfe 6:30 na safe, dole a tashe su kafin 6, ke nan ya kamata su kwanta wajen 8 na dare ko ma kafin nan. Ku tashi aiki ƙarfe 5, ku ɗauko su, ku iso gida kusan 7. Saura awa ɗaya, kuma a cikinta za a yi wanka, a ci abinci, a shirya kayan gobe. Yaron yana rigimar gajiya, ke ma ƙafafunki sun yi nauyi. Tsakar gidan da kuka koma dominta tana nan cikin duhu, ba wanda ya taka ta sai Asabar. A birni kuwa, ko da gidan ya matse, kafin 6 kin shigo, kina da awa biyu da 'ya'yanki idonsu biyu. A shekarun nan nasu ni dai na fi ganin darajar awoyin nan biyu a kan kowane fili.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus na shekaru da dama, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, kuma babban gida ko ƙarin albashin da suka samu bai cike giɓin ba. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya ma ya gano a 2014 cewa tafiyar da ta fi taɓa walwalar mutum ita ce ta minti 61 zuwa 90. Taku ta minti 70 a tsakiyar wannan take.

Sai tambayar da na fi so ki zauna da maigidanki a kanta: ina yaran za su wuni? A birni abu ne mai sauƙi, gida da wurin raino da ofis duk suna kusa da juna. A ƙauyen kuwa hanya biyu ce, kuma kowace da nata ciwon. Idan kun sa su a wurin raino kusa da ofis, za su riƙa yin awa 2 da minti 20 kullum a ɗaure a kujerar mota, alhali shawarar ita ce kada a ɗaure yaro ƙasa da shekara 5 fiye da awa ɗaya a lokaci guda. Ƙaramar za ta yi barci a hanyar dawowa, ki ciro ta da sawun bel a kumatunta, sannan ƙarfe 10 na dare ta wartsake tana neman wasa. Idan kuma kun bar su a wurin raino na ƙauyen, ku tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, domin sau da yawa lokutan ba su dace da na mai doguwar tafiya ba. Sannan ki tuna ranar da wayarki za ta yi ƙara da tsakar rana a ce jikin yarinya ya yi zafi, a zo a ɗauke ta. Ƙananan yara, musamman waɗanda suka fara shiga cikin wasu yara, suna yin mura da zazzaɓi sau da yawa a shekara, don haka wannan kiran ba na sau ɗaya ba ne. Daga ofis ɗin yanzu minti 20 ne. Daga can sama da awa guda za ki yi a hanya zuciyarki tana dukan uku-uku. Wa zai isa wurinta kafin ke? Idan kina da sunan da za ki ambata nan take, ƙauyen ya ci rabin jarrabawa.

Haka batun asibiti. Kada ki tsaya a kan cewa akwai ƙaramin asibiti a ƙauyen. Ki tambaya ko yana buɗe da dare da ƙarshen mako, kuma minti nawa ne zuwa inda ake karɓar yara a gaggauce ƙarfe 2 na dare. Numfashi mai wuya, jijjiga, ko amai da gudawa da suka ƙi tsayawa ba sa jiran gari ya waye. Idan kuna da niyyar ƙara haihuwa, ki haɗa da nisan wurin awo da na haihuwa, ki kuma sani cewa jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jikinsa na kaiwa digiri 38 abin a garzaya asibiti ne.

Mutane da yawa suna ɗauka ƙauye ya fi aminci ga yaro ta kowace fuska. Ta fuskar hanya ba lallai ba ne. Haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma idan aka haɗa manya da yara gaba ɗaya, yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 a shekara. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda ake adana alƙaluma da kyau, fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanya a titunan karkara suke mutuwa. Dalilin a fili yake: a birni motoci sun yi yawa amma cunkoso yana hana su gudu, a bayan gari kuwa hanya a buɗe take, sau da yawa ba fitilu, ba gefen masu tafiya a ƙasa. Ki tsaya a ƙofar gidan da yamma lokacin da ma'aikata ke dawowa ki ga irin gudun da ake yi. Ki kuma duba ruwa. Tafki, rafi, rijiya ko ramin da ruwa ke kwanciya a kusa da gida abin tsoro ne ga mai koyon tafiya, domin 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa.

Kuɗi fa? Haya a ƙauyen ta fi sauƙi, shi ne ma ya ja hankalinku. Amma kada ki kwatanta haya da haya. Haɗa haya da kuɗin zirga-zirga a kowane ɓangare, sannan ki kwatanta. Wata cibiyar bincike a birnin Shikago na Amurka ta ɗora ma'auninta a kan cewa gida da sufuri tare kada su wuce kashi 45 cikin 100 na abin da ke shigo wa iyali. Sa mai, gyaran mota da tayoyin da za su riƙa saurin cinyewa, ƙarin awoyin raino, da mota ta biyu idan ta zama dole, domin wanda aka bari a gida da yara biyu ba abin hawa ya zama ɗaurarre. Sau da yawa rarar da aka hango tana raguwa sosai, wani lokaci ta ɓace. Idan akwai jirgin ƙasa ko bas mai tsayayyen lokaci, lissafin yana gyaruwa, kuma zama a jirgi ya fi tuƙi sauƙi ga jiki. Sai dai ki tambayi ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi da dare.

Akwai wani farashi da ba ya shiga takardar lissafi, kuma ke ya fi shafa. Wata mai bincike a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, Erika Sandow, ta duba bayanan mutane sama da miliyan 2 masu zaman iyali, ta fitar da sakamakonta a 2011. Ta gano cewa gidajen da ɗaya yake doguwar tafiya zuwa aiki sun fi sauran haɗarin rabuwa da kusan kashi 40 cikin 100, kuma shekarun farko ne suka fi wuya. Wannan bai nuna tafiyar ce take raba aure ba, yawancinsu suna nan tare. Abin da ya fi tsaya min a rai a binciken shi ne yadda abin yake kasancewa: galibi namiji ne ke ci gaba da tafiyar, mace kuma ta koma ƙaramin aiki kusa da gida, hidimar yara ta dawo kanta. Idan haka kike so, ba laifi ko kaɗan, iyalai da yawa sun zaɓi haka sun ji daɗinsa. Amma ya zama kun zauna kun yanke shi tun kafin a ɗaure kaya, kada bayan wata shida gajiya ta yanke muku.

Idan kuma ke ce za ki wuni a can, ki san irin wunin. Ƙauyen da mazaunansa ke aiki a birni yakan zama fayau da rana. Wajen ƙarfe 11 na safiyar Talata ƙofofi a rufe, ba motsi sai na tsofaffi da 'yan kaɗan masu goyo. Wani ƙauyen yana da tsohuwar al'ummarsa da ke nan dare da rana, yara suna shiga gidajen juna, maƙwabciya tana riƙe miki yarinya ki je ki dawo. Wani kuwa sababbin gidaje ne kawai da aka jera, kowa baƙo ne. Na farkon alheri ne babba ga mai ƙananan yara, har ya fi abin da unguwannin birni da yawa za su ba ki. Na biyun kaɗaici ne, musamman idan 'yan'uwa da ƙawayen da kike jingina da su yanzu duk a birni za ki baro su.

Makaranta ba zan daɗe a kanta ba. A ƙauye yawanci ɗaya ce ko biyu, in ta yi kyau kun huta, in ba ta yi ba babu wata. A birni akwai zaɓi. Tunda babban naki ya kusa shiga firamare, ki je ki gan ta da idonki ana cikin karatu.

Gani ya kori ji, don haka kafin ku sa hannu a komai ku gwada. Ku kwana a can ko kusa da can a tsakiyar mako, ku tashi yaran a lokacin da za ku riƙa tashinsu, ku bi hanyar a ainihin lokacin cunkoso, safe da yamma, in da hali a lokacin da yanayi ya fi muni a shekara. Ki tsayar da wata uwa mai yara sa'annin naki ki tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala. Kowannenku ya tambayi wurin aikinsa ko za a yarda ya yi kwana biyu ko uku yana aiki daga gida, ko ɗaya ya riƙa fita da wuri ya dawo da wuri, ɗayan ya makara da safe. Idan hakan ta samu, amsata ta canza, ku gwada ƙauyen, amma da haya ta shekara ɗaya tukuna, kada ku saya. Idan ba ta samu ba, ku nemi gida mai ɗan faɗi a gefen birnin ta ɓangaren da kuke aiki, inda tafiyar ba za ta wuce rabin awa ba, ku sake duba maganar ƙauyen idan ƙaramar ta shiga makaranta. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya raya yaran.