Wata takwas da ɗan diron ɗina a Garwa: hotonsa ya yi, amma shingensa ba abin jingina ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na saka bidiyon dorinar ruwan nan da na ɗauka a kogin Binuwai, nan Garwa ta Kamaru, da ɗan diron ɗina, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kamara, mutane ke ta tambayata, wane irin diron ne, yana da matsala ko babu, ance wai ba ya tashi kusa da filin jirgi gaskiya ne? To yau dai na zauna in faɗi abin da na gani da idona bayan wata takwas ina tashinsa, mai daɗin da mara daɗin duka.

Na saye shi ne hannun wani ɗan uwanmu mai zuwa Dubai saro kaya. Ƙarami ne, irin waɗanda nauyinsu bai kai giram 250 ba, in ka naɗe hannayensa aljihun jamfa ma yana shiga, ya zo da batir uku da rimot da jakarsa. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, amma gaskiya sha'awa ce ta sa na saya, tun ina yaro in jirgi ya taso daga filin jirginmu sai na bi shi da ido har ya ɓace.

Ta wajen hoto ba ni da abin cewa sai masha Allah. Ranar farko da na ɗaga shi bayan la'asar na ga kogi ya kwanta kaman azurfa, masunta cikin kwale-kwale, mata na wanki a bakin yashi, can nesa duwatsun Tingilin, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, garin da aka haife ni ban taɓa ganinsa haka ba. Iska matsakaiciya ba ta girgiza hoton. Batir ne dai a kwali an rubuta minti talatin da 'yan kai, amma a zafinmu na Maris da Afrilu da rana ke wuce digiri 40, in na samu minti 20 na gode Allah, kuma wayar da ke jikin rimot ita ke fara gajiya, ta yi zafi allon ya dushe kana ta ƙifta ido ba ka ganin komai. Lokacin hazo kuma ƙura na shiga wuyan kamara, dole ka riƙa shimfiɗa kwali ko darduma ya tashi a kai. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, mutum ya saba da su.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne shingen. Ga wanda bai sani ba, akwai wata taswira da kamfani ke zubawa cikin diron da cikin manhajar waya, an shata wurare da launi, ja wurin da ba zai tashi ba sam, akwai inda zai tashi amma ba zai wuce wani tsayi ba, akwai inda gargaɗi kawai zai maka ka danna ka amince. Shi kuma diron yana karɓar wurin da yake daga taurarin ɗan Adam na GPS, sai ya gwada da taswirar, in ya ga yana cikin ja injin ba zai ma juya ba, in daga waje ya taho ya iso bakin layin sai ya tsaya cak a sama kaman ya ci karo da bango. Shingen da ba a gani kenan. Wanda ya sayar mun ya ce kar ka damu ɗan uwa, abin nan ya fi ka sanin doka, duk inda aka hana ba zai tashi ba. Ni kuma na yarda, wata biyu ina tafiya a kan maganar nan, in ya tashi sai in ce ashe nan an halatta.

Ku da kuka san Garwa kun san filin jirgi ba nesa yake da gari ba, unguwanni sun matso har kusa da shi, kuma ba jiragen fasinja masu zuwa Yawunde da Duwala kaɗai ke amfani da shi ba, sansanin sojan sama na nan, har Amurka ta kawo sojoji wajen 300 da nata jiragen marasa matuƙi a 2015 saboda yaƙin Boko Haram. Sararin da ke kewaye da irin wannan wuri yana hannun ma'aikatan hasumiya ne, 'yan ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sama, ba abin da ya kamata ya shiga cikinsa sai da saninsu.

Karo na farko da shingen ya yi aiki a wani biki ne a unguwar da ke ta wajen filin jirgin. Na shimfiɗa kwali, yara sun zagaye ni, na ja sandunan rimot, shiru, sai jan rubutu a allo. Kawun amarya ya matso ya ce ɗana lafiya, ko ya lalace ne? Na ce a'a Baba, kusa muke da filin jirgi shi ya sa ya ƙi. Ya ɗan yi jim ya ce to ai ya yi hankali, a bar shi. Ran nan na ji daɗin abin sosai, na ƙara yarda da shi.

Bayan sati uku aka kira ni suna a unguwar dai, gidan ma ya fi wancan kusa. Tsakar gida ce matsattsiya, dogayen bishiyoyin darbejiya sun rufe sama, ga rumfar kwano da aka kafa wa baƙi. Na kunna don in nuna wa maigidan cewa ba zai tashi ba, sai kawai farfela ta juya ya ɗaga. Ban lura ba ashe adadin taurarin da ya kama bai kai ba, bai san inda yake ba, to wanda bai san inda yake ba ina zai san an hana? Ya hau 'yan mitoci, ya fita daga ƙarƙashin ganye, iska ta ɗan tura shi ta kan katanga, nan take ya kama taurari ya gane cikin ja yake, sai allo ya fara ƙirga daƙiƙu wai zai sauka da kansa. Ina tura sanda sama ba ya hawa. Abin da na iya kawai shi ne karkata shi gefe, kuma katanga ta riga ta shiga tsakanina da shi, ƙararsa nake ji tana yin ƙasa. Cikin gidan maƙwabta ya sauka, gidan matan aure, dab da murhu inda wata baiwar Allah ke tuƙa tuwo da goyo a bayanta. Yaro aka aika ya ɗauko mun shi, farfela ɗaya ta tsage, toka ta shafe cikinsa. Na je ƙofar gidan na yi sallama da maigidan na ba shi haƙuri, ya ce ba komai amma fuskarsa ba ta ce ba komai ba, kuma yana da gaskiya, kamara ce ta faɗo masa cikin iyali. Har yau in na tuna goyon nan gabana na faɗuwa, farfelar nan tana yanka fata.

Wannan shi ne aibi na farko, shingen da GPS yake rayuwa, in GPS ya yi rauni babu shi, in ya dawo kuma sai ya ƙwace maka tuƙi a lokacin da ba ka shirya ba.

Na biyun ya fi damuna. Taswirar ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, kuma sai ka sabunta ta, ga rezo ɗinmu na waya yadda yake, megar intanet na ƙarewa, mutum sai ya yi wata uku yana danna anjima anjima. Ko ka sabunta ma, waɗanda suka zana ta suna wata duniya, sun san manyan filayen jirgi, amma ba su san shingen sojoji da aka kafa jiya ba, ba su san yau wani babba zai sauka an tsaurara tsaro ba, ba su san hanyar da helikofta ke bi ƙasa ƙasa ba. Kuma irin nawa ƙananan ba sa ganin jirgin da ke tahowa, sai dai kunnenka da idonka. Wata safiya ina bakin kogi can wajen gari, allo tas ba ja ba rawaya, na kai shi wajen mita 100, sai na ji rugugi ta bayan bishiyoyi, helikofta ce ta biyo ruwa, ban san lokacin da na danne sanda ƙasa ba hannuna na rawa. Ta wuce ta gefe, Allah ya kiyaye. Manhajar ko ƙyas ba ta ce ba. Ina cikin naɗe kaya jami'an tsaro biyu suka iso a kan babur, babban ya ce ƙanena wa ya ba ka izini? Na ce shef, na duba taswira wurin ba a hana ba, na miƙa mishi wayar. Ya duba ya miƙo mun ya ce wayarka ce ke ba da izini ko hukuma? Ban da amsa. Sun duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, suka ga kogi ne da shanu, suka rubuta lambar katin shaidata suka ce kar a kuma. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ƙasar nan kowa ya san abin da ake fama da shi ta wajen tafkin Chadi, kuma su ma 'yan ta'addan sun fara amfani da irin waɗannan na'urorin.

Akwai masu cewa wai ɗan abin da bai kai nauyin kofin shayi ba me zai yi wa jirgi. A Janairun 2025, lokacin gobarar Los Angeles, diron ƙarami mai irin wannan nauyin ya yi karo da jirgin kashe gobara da aka kawo daga Kanada, ya huda masa fiffike, jirgin ya yi kwanaki a ƙasa ana gyara wuta na cin gidajen mutane. A Ingila kuma, Disambar 2018, rahoton ganin diron kawai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick, tafiyar jirage wajen 1000 ta lalace, fasinja kusan 140,000 suka maƙale ana dab da Kirsimeti. To ka ƙaddara a nan ne, jirgin alhazai na shirin sauka.

Su kansu masu ƙera abin sun fara janye hannu. Kamfanin DJI, wanda ya fi kowa sayar da diron a duniya, ya cire kullen a ƙasashen Turai a 2024, sannan a Amurka ranar 13 ga Janairun 2025, wuraren da a da injin ba zai tashi ba yanzu gargaɗi kawai yake fitowa, suka ce alhakin na wuyan mai tuƙi. Kenan wanda za a kawo maka gobe daga waje kar ka ɗauka zai ƙi tashi kaman yadda nawa ya yi a bikin nan.

Wani abu kuma da na gano da kaina, tsayin da allo ke nunawa daga inda ka tashe shi yake lissafawa, ba daga ƙasan da ke ƙarƙashinsa ba. Na saka iyakar mita 120, wadda kusan ita ce ƙa'idar da Turai da Amurka ke bi, amma in ka tashe shi daga kan dutse ka tura shi kan kwari ya wuce haka nesa ba kusa ba, allo kuma yana ce maka kana daidai.

Masu tambaya in saya ko kar in saya, ni dai ban yi nadamar kuɗina ba, hoton ya biya ni. Amma yanzu ba na barin farfela ta juya sai na ga taurari sun haura goma ya kuma riƙe wurin dawowa, ba na tashi a tsakar gida, bikin da ke ta ɓangaren filin jirgi ko nawa za a ba ni na daina zuwa da shi, kuma ko ƙauye na je sai na fara gaida mai unguwa ko lawan na faɗa mishi abin da ya kawo ni. Maganar izini na gaskiya kuma tana wajen CCAA, hukumar jiragen farar hula ta Kamaru, can ya kamata mutum ya nufa tun kafin ya buɗe kwali, ni sai da na sha waɗannan darussan na fara haɗa takarduna. Akwai wani aiki da aka ce in yi a Lagdo na hoton masunta, na ce musu su jira, tunda madatsar ruwa ce ba wajen wasa ba, sai takarda ta fito in riƙe ta a hannuna sannan in hau mota.