Bitar Kwas ɗin Sarrafa Motsin Rai da Aka Shirya wa Ɗalibai a Bauchi

Ƙanena da ke aji biyu a jami'a ya shafe wata guda ba ya magana da abokin ɗakinsa saboda rigima a kan tukunyar gas, shi ya sa da na ji wata cibiyar horaswa mai zaman kanta a cikin garin Bauchi ta buɗe kwas na Asabar huɗu kan basirar sarrafa motsin rai, na biya mana mu biyu, na zauna a baya ina saurare. Yawancin mahalarta ɗalibai ne daga Yelwa da Gubi, inda harabobin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa suke.

Malamar ta san aikinta. Ta bayyana cewa masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su ne suka tsara wannan fahimta a 1990, kuma ginshiƙinta shi ne mutum ya gane abin da ke ransa da na waninsa kafin ya aikata komai. Zama na biyu ya fi kowanne amfani, domin ta sa kowa ya rubuta abin da jikinsa ke yi kafin fushi ya kai baki, kamar zafin kunne da bugun ƙirji, sannan ta haɗa wannan da hadisin da ya umarci mai fushi ya zauna idan yana tsaye. Ɗakin ya yi tsit, saboda abin da suka haddace tun Islamiyya ne ya dawo musu da sabuwar ma'ana.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne takardar gwajin da aka raba, wadda aka ɗauko daga waje ba tare da gyara ba. Tana ba da maki ga wanda yake kallon mutane cikin ido da wanda yake faɗa wa iyayensa damuwarsa kai tsaye, don haka yaran da aka rena da kunya da kara suka fito da maki kaɗan. Alhali ɗalibar da ta sunkuyar da kai gaban malami ta haɗiye magana ta karanci wurin sarai, kuma wannan ma basira ce. Haka nan an ba matsin rayuwa 'yan mintuna kawai, bayan kuwa ɗalibin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya zaunar wata takwas a gida, ko wanda kuɗin mota ya ninka masa tun cire tallafin mai a 2023 har yana cin abinci sau ɗaya a yini, gajen haƙurinsa ba daga tarbiyya kaɗai yake ba.

Ɗakin karatun yana da tsabta, sai dai zafi idan an ɗauke wuta. Ƙanena ya koma girki tare da abokin ɗakinsa, ko da yake ya dage cewa tsadar gas ce ta shirya su.