Hattara da mai tallan "Mustang GT" a Kumasi

Salamu alaikum 'yan'uwa na Aboabo, Asawase da sauran zangogi, musamman masu sha'awar motocin gudu. Akwai wani matashi da ke yawo da baƙar Ford Mustang ƙirar 2018, yana tallanta a Facebook da WhatsApp a matsayin GT, wato samfurin Mustang mai babban inji. Ya ci mini sidi 15,000, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Da daddare ya fara nuna mini ita. Ya taka totur, ƙara ta cika unguwa, yara suka fito kallo, ni kuwa hankalina ya tashi sama. Ga tambarin 5.0 (girman inji, lita biyar) a gefe, ga GT a baya. Ya ce wani Alhaji daga Accra zai zo gobe da kuɗi a hannu, in ina so in ba da kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Wallahi ko bonet ban ce ya buɗe ba, na tura.

Washegari na matsa sai mun kai ta wurin kawuna, bakanike ne a Suame Magazine. Mai motar ya yi ta kwana-kwana, da ƙyar ya yarda. Kawu ya ɗaga bonet, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka ƙirga mini koyil ɗin nan." Huɗu ne, kuma kowace silinda koyil ɗaya gare ta. GT ta gaskiya V8 ce, silinda takwas, ƙarfin doki 460. Wannan kuwa EcoBoost ce, samfuri mai ƙaramin inji, silinda huɗu, lita 2.3, ƙarfin doki 310. Ba muguwar mota ba ce, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tambarin saye aka yi aka manna, ƙarar da ta ruɗe ni kuma salansa ce aka sauya. Kawu ya nuna mini lambar shasi ta jikin gilashin gaba: cikin haruffa da lambobi 17, na takwas shi ke faɗin injin. A irin wannan ƙirar, F na nufin 5.0, H kuma 2.3. Tata H ce.

Bai tsaya nan ba. Ya yaye kafet, sai ga busasshen taɓo, ƙarafan ƙasan kujeru duk tsatsa. Motar ambaliya ce, irin waɗanda ake kwasowa a gwanjon Amurka. Ashe turaren da ya tula a ciki na ɓoye warin ruwa ne. Kawu ya ce irinta wayoyin lantarkinta ruɓewa suke yi a hankali, wata rana kana tsakar gudu jakar iska ta ƙi buɗewa ko birkin ABS ya ƙi aiki.

Mutumin ya ce bari ya je ya ciro mini kuɗina, ya ja mota. Tun ranar wayarsa a kashe. Da na kai ƙara wurin 'yan sanda, na tarar mutum biyu sun riga ni, duk a kan mota ɗaya, duk da labarin Alhajin Accra.

Fitilar bayanta ta hagu tana da tsaga. Duk wanda aka kawo wa ita, don Allah ya sanar da 'yan sanda mafi kusa kafin ya tura ko pesewa.