Brian Faulkner da Arlene Foster: wa ya fi iko, me kuma ya kayar da su?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: tsakanin Brian Faulkner da Arlene Foster, 'yan siyasar Ireland ta Arewa biyu masu ra'ayin yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, wa ya fi iko lokacin yana minista, kuma me ya sa duk biyun suka sauka ba daɗi? A gajarce, Faulkner ya fi iko nesa ba kusa ba, amma abin da ya ci su ɗaya ne, wato 'yan jam'iyyarsu.

Hanyar da suka bi ta yi kama. An zaɓi Faulkner a majalisar dokokin yankin, wato Stormont, a 1949 daga mazaɓar East Down, ƙarƙashin UUP, babbar jam'iyyar masu ra'ayin zama cikin Birtaniya a lokacin. Ya zama ministan cikin gida a 1959, ministan kasuwanci a 1963, firaministan yankin a Maris 1971. Foster lauya ce daga Fermanagh, ta shiga majalisa a 2003 da tikitin UUP, ba a jima ba ta sauya sheƙa zuwa DUP, wata jam'iyyar masu wannan ra'ayi, a farkon 2004. Ta riƙe muhalli a 2007, ciniki da masana'antu daga 2008 zuwa 2015, sannan kuɗi, kafin ta zama babbar minista, wato shugabar gwamnatin yankin, a Janairu 2016.

Sai dai kujerar ba iri ɗaya ba ce. Tsohuwar majalisar da Faulkner ya sani kujeru 52 gare ta, kuma mai rinjaye shi ke kwashe komai. UUP ta mulki yankin daga 1921 har 1972 ba hamayyar da ta taɓa karɓa. Firaminista ke naɗa minista, shi ke korarsa, 'yan sanda kuma suna hannun ma'aikatar cikin gida. Masu ra'ayin Birtaniya yawancinsu 'yan Furotesta ne, masu son haɗewa da Ireland kuwa yawancinsu 'yan Katolika, kuma sai a 1971 aka fara naɗa ɗan Katolika a gwamnati, G. B. Newe, kuma Faulkner ne ya naɗa shi. Girman ikon ya fito fili ranar 9 ga Agusta 1971, da ya sa aka fara tsare mutane ba shari'a: sojoji suka kwashi mutum 342 da asuba, kusan duk daga ɓangaren Katolika, bisa tsofaffin bayanan sirri da ba a sabunta ba. An saki da yawa cikin 'yan kwanaki, amma aikin gama ya gama. Kashe-kashe suka ƙaru, ƙungiyar IRA, mai yaƙin raba yankin da Birtaniya, ta sami sababbin mayaƙa.

Foster ba ta da ko kusa da wannan. Tun yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, rabon ma'aikatu lissafi ne, tsarin d'Hondt. Jam'iyyar da ta fi kujeru ta fara zaɓar ma'aikata, sai a raba kujerunta da biyu. In ta sake zaɓa a raba da uku, haka har ma'aikatun su ƙare. A 2007 DUP na da kujeru 36, Sinn Féin 28, UUP 18, SDLP 16 (Sinn Féin da SDLP jam'iyyun masu son haɗewa da Ireland ne). DUP ta zaɓa, lambarta ta sauko 18, Sinn Féin ta biyo. Da aka gama, ma'aikatu goma sun rabu huɗu, uku, biyu, ɗaya. Ke nan babbar minista ba ta iya korar ministan wata jam'iyya ko da ba sa ga maciji. Mataimakinta ma sunan mataimaki kawai ya ci: ofis ɗaya suke riƙe da iko daidai, in ya ajiye aiki ita ma ta faɗi.

Nan ne tarkon da ya kama ta. A 2012 ma'aikatarta ta ciniki da masana'antu ta fito da shirin tallafin dumama gine-gine da makamashi mai sabuntuwa, RHI. An kwaikwayo shi daga na sauran Birtaniya, amma aka bar abin da ke rage tallafin bayan wasu sa'o'in aiki, ba a kuma sa masa iyaka ba. Sai ya zama mai gonar kaji da ya ƙona dunƙulen ɓarɓashin katako na fam ɗaya yana karɓar kusan fam ɗaya da fenni sittin. Wa zai kashe wuta? An kiyasta hasarar za ta iya kai fam miliyan 490 cikin shekara 20. Mataimakinta, Martin McGuinness na Sinn Féin, ya nemi ta ja gefe a yi bincike, ta ƙi, ya ajiye aiki ranar 9 ga Janairu 2017. Yankin ya shekara uku ba gwamnati. A zaɓen Maris na shekarar, DUP ta sami 28, Sinn Féin 27 cikin 90, karo na farko da masu ra'ayin Birtaniya suka rasa rinjaye a Stormont. Kwamitin binciken Sir Patrick Coghlin ya ce a 2020 ba cin hanci ba ne, tarin kurakurai ne, wanda a ganinmu bai wanke ministar da ta kai dokar majalisa ba tare da ta karanta ta ba.

Shi kuwa Faulkner daga sama aka fara karya shi. Bayan sojoji sun kashe mutum 13 a Derry ranar 30 ga Janairu 1972, firaministan Birtaniya Edward Heath ya ce zai karɓe harkar tsaro. Faulkner ya ƙi, aka dakatar da Stormont a Maris. Abin mamaki, mutumin da aka sani da taurin kai shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar Sunningdale a Disamba 1973, ya jagoranci gwamnatin raba iko da SDLP daga 1 ga Janairu 1974. Kwana uku kacal majalisar jam'iyyarsa ta yi watsi da yarjejeniyar, musamman saboda batun majalisar haɗin gwiwa da gwamnatin Jamhuriyar Ireland da ke Dublin, ya bar shugabancin UUP. A zaɓen Fabrairu masu adawa da shi suka lashe kujeru 11 cikin 12 na yankin a majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan. A Mayu ma'aikata 'yan Furotesta suka yi yajin aiki na mako biyu, suka rage wutar lantarki, gwamnatin ta rushe ranar 28 ga wata.

Foster ta dawo mulki a Janairu 2020, ta tarar da wata rigimar: tsarin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ya sa binciken kaya a tashoshin ruwa tsakanin yankin da sauran Birtaniya, abin da magoya bayanta ke gani a matsayin raba su da gida. A ƙarshen Afrilu 2021 mafi yawan 'yan majalisar DUP suka sa hannu a takardar rashin amincewa da ita. Ta bar shugabancin jam'iyya a Mayu, kujerar babbar minista a Yuni. Edwin Poots da ya gaje ta kwana 21 ya yi kafin shi ma su tilasta masa murabus.

Duk biyun an kai su majalisar dattawan Birtaniya daga baya, Foster a 2022, Faulkner a farkon 1977. Shi bai yi wata guda a kujerar ba, ya faɗo daga doki wajen farauta ranar 3 ga Maris, ya rasu yana da shekara 56.